Agogon da suka ƙi saya

Kana tambayata wai tunda yanzu komai a fakiti yake tafiya, wato bayanai a ƙulle-ƙulle kamar na intanet, don me nake hana ka ɗora layin E1, tsohon layin tarho na dijital, a kan rauta, na'urar da ke tura fakiti, sai na ga inda agogonsa zai fito, wato bugun da ke daidaita masa lokaci. Ajiye wayar nan tukuna, ku yaran yanzu ido na kan allo kunne na wani gari.

Layin E1 gurbin lokaci 32 ne, kowanne kilobit 64 a daƙiƙa, jimla 2.048 megabit, kuma zagaye ɗaya na gurbin 32 shi ake kira firem. Gurbi na 0 na daidaita firem ne, na 16 galibi na siginar haɗa kira, saura 30 na murya. Wannan ko wawa ya sani, ba zan tsaya a kai ba. Abin da ba ku riƙe ba shi ne sau 8,000 ake aika firem a daƙiƙa ɗaya, kuma dole kai biyu na layin su ƙirga a tare. Wanda ya kira, gurbinsa nasa ne har ya kashe, ko shiru ya yi. Fakiti kuwa ba ruwansa da wannan. Wani ya iso da wuri, wani ya makale a layin jira bayan bidiyon wani, agogo bai taɓa zama kayansa ba.

Wani kamfani ya taɓa ba ni kwangilar kwashe layukan tashoshinsu na 2G in ɗora a kan MPLS, wata hanyar fakiti. Na rubuta musu a takarda, da sa hannuna, cewa a sayi agogon GPS a cibiya, ko a sa na'urorin da ke ɗaukar SyncE, wato masu isar da agogo ta cikin kebul ɗin Ethernet kansa. Manajan ya kalli farashin ya ce, "Malam, ai akwatin da kansa yake tsintar agogo daga fakitin." Haka dillalin ya gaya masa. Gaskiya ne yana tsinta, amma sai hanya ba cunkoso. Na faɗa masa haka. Ya ce in yi aikin da aka biya ni.

Ni ma laifina ne, na yi gwajin da ƙarfe biyun dare, lokacin da hanya take fayau. Komai kore. Na sa hannu na tafi gida ina jin kaina.

Kwana uku bayan nan, da magariba, kira ya fara tsinkewa. Yi lissafin da kanka: in agogo biyu suka bambanta da kashi ɗaya cikin miliyan, duk daƙiƙa 125 firem ɗaya zai zame. Murya za ta ɗan yi ƙas, mutum ba zai ma lura ba. Amma tashar GSM, wato ta 2G ɗin nan, tana son daidaito na kashi 50 cikin biliyan a siginar rediyonta, in ta kauce, waya ba ta iya miƙa kira daga wannan tasha zuwa ta gaba. Mutum na cikin mota yana magana sai ɗif. Na kwana tara a ɗakin na'ura, sanyin iyakwandishan ya shiga ƙashina, ina kallon lambar zamewa tana hawa kamar mitar wuta.

Ƙarshenta suka sayi agogon nan da na ce. Cikin awa ɗaya lambar ta tsaya cak. Sai suka riƙe kashi na ƙarshe na kuɗina, wai aikina ne ya jawo musu asara. Takardar da na rubuta kuwa, aka ce ba a gan ta a fayil ba. Har yau kwafinta na cikin durowata, kuɗin ne dai bai zo ba. Manajan ma ƙarin girma aka yi masa.

To gobe kafin ka taɓa kebul, zana mini inda agogon ya fito da duk akwatin da ya ratsa, kuma kada in ga ya zagaya ya dawo kansa. Gwajin da yamma za ka yi shi, lokacin da hanya ta cika, ka bar shi ya kwana. Ɗauko mini mitar can, ba waccan ba, mai jan murfi.