Kafin Ka Kai Lensin Wurin Mai Gyara

Ɗana, na buɗe hotunan kamun da ka turo a kwamfuta. Ka ce a bayan kyamara sun fito ras, da ka zauna tacewa sai ka tarar fuskar amarya ta yi dishi-dishi, kana tambaya ko lensin ne ya lalace ka kai shi gyara. Kada ka kai shi ko'ina tukuna. Cikin abin da na gani, ba laifinsa ba ne, kuma ina so ka koyi gane hakan da idonka, don ba kullum zan kasance kusa ba.

Allon da ke bayan kyamararka Canon 700D inci 3 ne kacal, hoton kuwa megafiksel 18 ne aka matse a ciki. A wannan ƙanƙantar komai kyau yake yi. Ka saba da danna maɓallin zuƙowa har ka kai kan idon mutum tun kana wurin biki, lokacin da amarya ba ta tashi ba. Idan ka bari sai ka koma shago, ba wanda zai sake maka kamu.

In ka zuƙo, abu guda za ka nema: a duk faɗin hoton nan, ina ne ya fito da kaifi? Amsar ita ce ke raba cututtukan, domin dishi-dishi ba iri ɗaya ba ne, maganinsu ma daban-daban.

Duba wanda amarya ke zaune ƙawayenta sun kewaye ta. Fuskarta ba ta fito ba, amma duwatsun da ke jikin mayafin ƙawar da ke gabanta har ana iya ƙirga su. To ka ga lensin da ya fitar da waɗannan duwatsu lafiyarsa ƙalau. Saitin ne ya sauka inda ba ka nufa ba. Ka bar ɗigon saiti tara duka a kunne, kyamara kuwa idan aka ba ta zaɓi, abin da ya fi kusa da ita take kamawa, ba ta san wace ce amarya ba. Ka zaɓi ɗigo ɗaya da hannunka, ka ɗora shi kan idon da ya fi kusa da kai. Idan an lulluɓe ta, ka sani mayafin kyamara za ta kama, sai ka jira a ɗaga ko ka murɗa da hannu. Haka kuma kada ka ɗora ɗigon a kan farar shadda marar aiki, zai yi ta kai da komo bai samu abin riƙewa ba. Nemi ido, ko bakin hula, ko aikin wuyan riga.

Abin da ya ƙara dagula maka shi ne f/1.8, wato ƙofar hasken lensi a buɗe sosai (ƙaramar lamba, babbar ƙofa). Na san dalilinka, ka sayi lensin 50mm ɗin nan ne don bayan mutum ya narke, masu biki kuma suna so. Amma ka san kuɗin da kake biya. A f/1.8, kana tsaye mita 2 daga mutum, abin da zai fito da kaifi daga gaba zuwa baya bai wuce santimita 11 ba, faɗin tafin hannunka ke nan. Amarya ta ɗan sunkuya, ko kai ka ɗan karkata bayan ka riƙe saiti, ido ya fita, kunne ya shiga. Shi ya sa dabarar nan ta kama saiti da ɗigon tsakiya sannan a juya kyamara a gyara tsari take cin mutum idan yana kusa kuma ƙofar haske a buɗe take wangalau. A hoton mutum ɗaya ka tsaya f/2.8, bayan zai narke dai, lensin ma ya fi kaifi a nan fiye da a f/1.8. Hoton dangi kuwa, layi biyu ko uku, ja da baya zuwa mita 4 ka sa f/5.6, za ka samu kusan mita ɗaya da rabi. Ni ban yarda a ɗauki iyayen ango da na amarya a f/1.8 ba, ko da hasken ya yi ƙaranci. Hoton da za a rataye a ɗaki shekara da shekaru, a ce fuskar uba ta fito ta uwa ba ta fito ba, wannan ba aiki ba ne.

Kada kuma ka ce tunda haka ne bari ka rufe zuwa f/22 ka huta. Daga f/16 zuwa sama hoton gaba ɗaya yake fara laushi, saboda hasken yana bazuwa idan ya bi ta ƙaramar kafa.

Yanzu koma hotunan cikin zaure bayan magariba. A nan ba inda ya fito, daga fuska har bango, kuma in ka lura da fitilun ado za ka ga kowace ta ja ɗan wutsiya, duk zuwa ɓangare guda. Wannan hannunka ne ya motsa. Danna INFO ka ga lambobin: a saurin 1/20 na daƙiƙa aka ɗauke shi. Ƙa'idar da muka gada ita ce saurin ɗauka kada ya yi ƙasa da tsawon lensi, wato 50mm yana son 1/50. Amma kyamararka mai ƙaramin sensa ce (farantin da ke karɓar haske), sai ka ninka da 1.6, ya zama 1/80. Ni ma ban tsayawa nan, 1/125 nake sa wa yarana a matsayin ƙasa. Haɗa gwiwar hannu da haƙarƙari, hannun hagu a ƙarƙashin lensi, ka latsa a hankali, kada ka soka maɓallin.

Akwai wani tarko da Canon ke da shi wanda na tabbata shi ya kama ka. Idan kana kan Av, tsarin da kyamara ke zaɓar sauri da kanta, ka kunna filasha a wuri mai duhu, kyamarar tana rage sauri da kanta don bango ya samu haske, sai ka ga mutum da inuwarsa biyu. A zaure ka koma M, inda kai kake saita komai da hannu: 1/125, f/4, ISO 800 (ISO shi ne ƙarfin jin hasken kyamara), filasha ta cike sauran. Ka tuna dai da filasha kyamararka ba ta wuce 1/200.

Na lura kana tsoron ISO, duk hotunan a 100 ko 200 ka bar shi. Cire wannan tsoron. Hoto mai ɗan yashi-yashi a ISO 1600 ana tace shi a miƙa wa mai shi ya yi murna. Wanda ya motsa kuwa, ba manhajar da za ta dawo da idon yadda yake.

Dishi-dishi iri na uku shi ne na filin rawa. Kujeru sun fito, bango ya fito, masu liƙi ne suka zama hayaƙi. A nan hannunka bai yi laifi ba, mutanen ne suka fi saurin da ka sa. IS ɗin da ke jikin lensinka na 18-55 ba zai cece ka ba, shi rawar hannu kawai yake ragewa, ba ya tsayar da mai rawa. Ana buƙatar 1/250 zuwa sama, ka kuma fita daga tsarin saiti na One Shot ka koma na AI Servo don saitin ya riƙa bin mai motsi. Ranar da za ka je Hawan Daushe ɗaukar dawakai, daga 1/1000 za ka fara. Ka sani kuma 18-55 idan ka zuƙo shi zuwa 55 ba ya buɗewa fiye da f/5.6, hasken da yake sha kusan kashi ɗaya ne cikin goma na abin da 50mm ke sha a f/1.8. Da dare shi ya sa yake ba ka wahala.

Hoton lallen hannu da ka matsa sosai, kusanci ne ya yi yawa. Kowane lensi yana da iyakar da ba ya iya saiti ƙasa da ita. 50mm samfurin STM santimita 35 ne, tsohon samfurin 45. Ja baya ka yanke a kwamfuta.

Sai idan duk waɗannan ba su ba ne sannan za mu tuhumi kayan aiki, shi ma daga mai sauƙi. Duba ɗan maɓallin AF/MF, na zaɓen saitin kyamara ko na hannu, ko ya goce a jaka. Duba ɗan gargaren da ke gefen wurin leƙe, in ya murɗe kai za ka ga dishi-dishi alhali hoton lafiya lau, in kuma da hannu kake saiti zai ɓatar da kai. Cire filtar nan mai araha da aka haɗa maka da ita a kasuwa, ka ɗauki hoto da ita da kuma ba ita, ka gwada. Shatin yatsa a gilashin baya ya fi na gaba ɓarna. A hunturu ka fara hure ƙura kafin ka goga, don gogar ƙura da gefen riga karce gilashi yake. Da damina kuwa, in ka fito daga zaure mai sanyin na'ura zuwa waje, gilashin zai yi gumi, ka ba shi mintuna ya bushe da kansa. Ka kuma haska tocila ta cikin lensin, idan ka ga abu kamar saƙar gizo, funfuna ce, wannan kam sai mai gyara.

Gwajin da zai yanke hukunci ga shi. Da rana ka manna jarida a bango, ka kafa kyamara a kan ƙafarta ta fuskanci jaridar sosai, ISO 100, f/1.8, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza ta. Ɗauki ɗaya ta wurin leƙe. Sannan ka kunna allon baya, ka zuƙo ninki 10, ka saita da hannu har rubutun ya fito, ka ɗauki na biyu. Maimaita sau da yawa, kowane karo ka ɓata saitin ka sake. In biyun sun yi daidai, kayanka lafiya suke. In na allo ya fito amma na wurin leƙe kullum yana kucewa, saitin kyamarar ne ke faɗawa gaba ko baya. Manyan kyamarori irin 7D da 80D suna da wurin gyara wannan a cikin menu, taka ba ta da shi, sai a kai ta tare da lensin. In kuwa gefe ɗaya na jaridar ya fito ɗaya gefen ya ƙi, wataƙila lensin ya taɓa faɗuwa, gilasan ciki sun goce.

Wanda uwar amarya ta ce ya yi laushi a wayarta kuwa, na duba asalinsa, ba abin da ya same shi. WhatsApp ne ya matse shi. Ka riƙa tura musu a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ba.

Yi gwajin jaridar gobe da safe kafin rana ta yi zafi, ka zo min shago da katin kyamarar mu duba tare. Ka taho da filtar ma.