Tambayi Masta: ƙaramar jif ɗin iyali, wacce zan ɗauka?

Jama'a salamu alaikum. Satin nan saƙonnin duk kusan kan abu ɗaya suke, ƙananan jif ɗin nan irin su RAV4 da suka cika titin Kumasi, to na zaɓo uku, sauran a yi haƙuri amsarku na cikin nan.

TAMBAYA: Salam Masta, dan Allah ina neman shawara. Ni ɗan kasuwa ne a Kejetia ina zaune Aboabo, ƙaramar salun ce a hannuna yanzu amma ta mana kaɗan, ga shi in damina ta sauka kullum sai cikinta ya daki ƙasa in zan shiga layinmu. Ina da mata da yara huɗu, babban shekara 13 ƙaramar wata 8, tsohuwata ma tana wajenmu, kuma duk babbar sallah Tamale muke zuwa. Wasu sun ce RAV4, wasu sun ce CR-V, wani abokina kuma yace Rogue ta fi araha ta fi kyau a ido. Wacce zan ɗauka? Magidanci daga Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya yara ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Kafin mu kai ga sunan mota bari mu ƙirga kawuna. Kai, maiɗaki, Hajiya, yara huɗu, bakwai kenan ko? To duk waɗanda ka lissafa kujera biyar gare su, bel biyar. Tsawo suka fi salun ɗinka da faɗin but, amma wajen zama kusan duk ɗaya ne. Mutane suna ganin jif sai su ɗauka ta zama bas, a cusa yara uku a but a kama hanyar Techiman, wallahi duk lokacin da na ga haka sai gabana ya faɗi, don but shi ne wajen da aka ƙera ya lotse in an daki mota ta baya. Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne, ga manyan tirela masu zuwa Burkina, ba hanyar da za a riƙe jaririya a cinya a gidan gaba bace, in balan-balan ɗin kariya ya fashe ita zai fara samu.

Eh akwai RAV4 ta 2006 zuwa 2012 wasu sun zo da layi na uku, Rogue ma ta 2014 zuwa sama wasu na da shi, Outlander ma haka, amma je ka zauna a wajen da kanka ka gani, gwiwarka sai ta kusa taɓa haɓa, kuma da ka ɗaga kujerun but ɗin ya ƙare, ina za ka sa buhun doya da jakunkunan sallah? In da gaske kowa da kowa za a riƙa ɗauka, to abin da ya dace da kai Highlander ne ko Pilot ko Sienna, sai dai ka shirya wa mai, yawancinsu V6 ne 3.5, a cunkoson Suame rawunabawul za ka riƙa kallon allurar mai tana sauka kamar ana zuƙa da tsinke. Ni da nine, tunda Tamale sau ɗaya ne a shekara, ƙaramar zan saya don kai yara makaranta da asibiti da kasuwa, ranar tafiya kuma babban yaro da wani babba su bi bas a haɗu a can. Bai kamata tafiyar kwana ɗaya tasa ka riƙa zuba man V6 sauran kwana 364 ba.

To mu dawo kan ukun da ka ambata.

RAV4 ta 2013 zuwa 2018 ita na fi ba mutane shawara, ba wai don ta fi daɗin tuƙi ba, a gaskiya ma ta ɗan yi tauri a gargada kuma cikinta ba wani ado. Injin 2.5 ne mai sarƙar taimin ba bel ɗin roba ba, giyabos ɗinta otomatik ne na gargajiya mai giya shida, kuma irin injin nan yana cikin Camry ma, kenan duk fita ɗin, wato makanike, da ka tarar a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, ya taɓa buɗe shi, kayan gyara kuwa sabo ko hom yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, ba sai an aika kasuwar Abossey Okai a Ankara ba. Wannan fa shi ne babban abu Alhaji, mota tana da sauƙi ne in wanda zai gyara ta yana kusa da gidanka. Sai dai kowa ya san haka shi yasa kuɗinta baya sauka, za ka biya da yawa yau amma ranar da za ka sayar ba za ka yi kuka ba. In kuɗinka na tsohon yayi ne, wato mai safaya a ƙofar baya, ka kula da masu injin 2.4 na 2006 zuwa 2008, an san su da shan baƙin mai.

CR-V ta 2012 zuwa 2016 ita ce ta fi daɗi wa iyali in ka tambaye ni, bayanta shimfiɗe yake babu tudun nan na tsakiya, tsohuwa za ta shiga ta fita ba wahala, kujerun baya kuma da jan hannu ɗaya suke kwanciya. Injin 2.4 ne mai juriya. Abin lura shi ne har 2014 otomatik ɗin gargajiya ne mai giya biyar, daga 2015 wadda ta fito daga Amurka ta koma CVT, wani irin giyabos da zan yi bayaninsa a ƙasa, daga 2017 kuma yawanci 1.5 tabo ne, wato turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, shi kuwa tabo baya son a yi masa wasa da lokacin canjin baƙin mai.

Rogue, abokinka bai yi ƙarya ba, ta fi araha kuma kujerunta laushi. Amma ka tambayi kanka me yasa ta fi araha. CVT ce, wato babu haƙoran giya irin wanda muka saba, bel ne na ƙarfe ke yawo tsakanin kwanuka biyu, kuma na waɗannan shekarun an yi ta ƙorafi a kansu a can Amurka ɗin ma. Zafi ke kashe shi, mu kuwa ga rana ga cunkoso ga lodi. Sannan babbar matsalar a nan gida, yaro a gareji zai ɗauko man giya na otomatik ya zuba mata yace ai duk ja ne, alhali nata daban ne, NS-3 ake ce masa. Wata uku sai ka ji tana kuka tana kakkarwa in za ta tashi, kuma ba kowa ke buɗe CVT ya gyara ba, sai dai a sayo wani hom yus wanda shi ma ba ka san tarihinsa ba. Rarar da ka samu wajen saye nan za ta tafi.

Baka tambaya ba amma ka leƙa Mazda CX-5. Giya shida ce ta gargajiya, bata da shan mai, kuma ta farkon yayi ta fi RAV4 da CR-V tsawo daga ƙasa, sama da santimita 20, su kuwa na shekarun da na ambata wajen 16 zuwa 17 ne, kaga ga layinku na Aboabo wannan ba ƙaramin bambanci bane. Illarta bayanta ya ɗan matse kuma kayanta basu kai na Toyota yawa ba.

Ranar da za ka je gani, ka tafi da maiɗaki da kujerar jaririyar, a ɗaura ta a baya a ga ko mutum biyu za su iya zama a gefe. Motocin Amurka tun 2002 suna da ƙugiyoyin ɗaure kujerar yaro a lungun kujerar baya, sa hannu za ka ji su.

TAMBAYA: Masta barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Asawase, yarana biyu, ni ke kai su ni ke ɗauko su. Maigida ya dage sai mai fo-wil, wato wadda tayoyi huɗu ke ja, ni kuma tsoron mai nake ji don ni zan riƙa zubawa. Kuma na ga Tucson tana burge ni. Me ka gani? Malama daga Asawase.

AMSA: Malama a gaida maigida, amma a wannan karon ke ce da gaskiya. Fo-wil ɗin waɗannan ƙananan ba irin na Land Cruiser bane, tayoyin gaba ne ke ja kusan kullum, sai sun zame na baya su taimaka. Turawa don ƙanƙara suke sayensa. Daga Asawase zuwa Tafo ko Asokore Mampong abin da kike buƙata tsawo daga ƙasa ne da taya mai kyau, mai jan gaba kaɗai tana da duka biyun, ta fi sauƙin mai kaɗan, kuma babu ƙarin shaf da akwatin baya da za su nemi nasu man da nasu gyaran. Ga kuma wani abu, mai fo-wil tana son tayoyi huɗu su zama girma ɗaya sun ci daidai, mu kuwa nan taya ɗaya ake canzawa in ta fashe, ko wacce aka samu. In da a ce kuna da gona ko kuna yawan shiga ƙauyukan arewa da damina, sai ince a bi maganar maigida.

Tucson kuma mota ce mai kyau ga uwa da yara biyu, ƙarama ce ba wuyar fakin, eyakon ɗinta na sanyi, kuma Hyundai da Kia yanzu kayansu sun wadata a Magazin. Abu biyu ki riƙe. Ta 2016 zuwa 2018 akwai mai injin 1.6 tabo da giya mai kulochi biyu, wannan bata son tafiyar ja-tsaya ja-tsaya irin ta Anloga Janshin da yamma, tana fizga tana zafi, ki nemi mai injin 2.0 da otomatik na gargajiya. Na biyu, wasu injinan Hyundai da Kia na waɗannan shekarun kamfanin da kansa ya kira su gyara a Amurka saboda matsalar cikin injin, to a tada ta da sassafe injin na sanyi ki kasa kunne, in kin ji ƙwanƙwasa daga ƙasa ki yi sallama ki wuce ko nawa aka rage miki.

TAMBAYA: Masta ɗan'uwana a Amurka yace in turo kuɗi ya sayo min a gwanjo a gyara a nan, wai zai fi sauƙi kan in saya a garejin masu sayar da mota. Gaskiya ne? Matashi daga Sawaba.

AMSA: Ɗana, zai iya fin sauƙi, zai kuma iya zama sayen kifi a ruwa. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce da yawan hom yus ɗin da ke jere suna ƙyalli a bakin titi ma daga gwanjon suka fito, an yi musu bugu da feshi ne kawai, to kai ko ba komai za ka ga hoton raunin kafin a rufe shi. Ka ce ya turo maka lambar shasi, VIN, haruffa da lambobi 17, ka sa a Google sau da yawa hotunan gwanjon za su fito, in da hali a ciro rahoton Carfax mai nuna tarihin motar. Bugun ƙofa ko bamba ba komai bane. Wanda ya kai ga shasi ko ya fasa balan-balan ka bari, don nan wasu lanƙwasa wajen kawai suke su manne su kashe fitilar a dashbod, ka ɗauki iyalinka kana ganin kana da kariya alhali fanko ne.

Wadda ruwa ya ci kuwa ko kyauta ce kada ka karɓa. Ni kaina an taɓa yi min, shekarun baya na sayi wata a wajen wani dillali, fes da ita ga ƙamshi, ashe ƙamshin na ɓoye warin dauɗa ne. Wata biyu gilas ya fara sauka da kansa, yau wannan sansa gobe wancan, da muka ɗaga kafet sai ga busasshen laka da tsatsa a ƙarƙashin kujera. Tun daga ranar duk motar da zan duba sai na zaro bel har ƙarshe na ga ko akwai shatin ruwa, in leƙa ramin safaya, in sa a ɗaga ta a duba cikinta, musamman ta Kanada da gishirin titi ke cinye wa ƙasa.

Kafin ka tura ko sisi, nemi eja mai lasisi a Tema ya lissafa maka kuɗin kwastan da wannan VIN ɗin, don girman injin da shekarar mota da darajarta duk suna shiga lissafi, kuma wadda ta haura shekara 10 akwai tara a kai. Ka haɗa da kuɗin jirgi, gyara, rajistar DVLA hukumar lasisin mota, rodwodi wato takardar lafiyar mota, da inshora, sannan ka kwatanta da ta gareji, duk a sidi kuma ka bar rara don dala bata zama waje ɗaya. Mitar ma mil take ƙirgawa, in ka ga 100,000 to kilomita 160,000 ne. Tayoyin da ta zo da su ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin tayar, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, in sun wuce shekara shida ko kuma na ƙanƙara ne ka sa kuɗin sababbi huɗu a lissafin tun yanzu, kwaltar Kintampo da rana tsaka bata raga musu.