Kazata ta kwanta a kan ƙwai ta ƙi tashi, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce kazarki ta daina saka ƙwai, ta lafe a akurki, in an kai hannu sai ta baza gashi ta kai sara. Ba ciwo ba ne, kwanci ta shiga.

Idan kina son 'yan tsaki kuma akwai zakara a gidan, ki bar mata ƙwai takwas zuwa goma, ki yi musu alama da gawayi, don sauran kaji kan kutsa su ƙara mata sababbi. Kwana 21 take ƙyanƙyashewa. Ni a nan Gombe ƙwan zabi nake sa wa tawa da damina, shi kuwa sai ya kai kwana 26 zuwa 28, kuma ta fi zabuwar kanta riƙon 'ya'ya nesa ba kusa ba. Ki ajiye mata ruwa da dawa kusa, ki barbaɗa toka a makwancin saboda ƙwarƙwata. Zafin Afrilu na lalata ƙwai, ki nema mata inuwa.

In kuwa ba zakara, wahalar banza take sha, ramewa kawai za ta yi. Ki kwashe ƙwan, ki sa ta a keji marar shimfiɗa inda iska ke ratsawa, kwana uku zuwa biyar, da abinci da ruwa. Don Allah ban da tsoma ta a ruwa ko hana ta ci.

Amma in kika ga gudawa, ko tana numfashi da ƙyar, ko wuya na karkacewa, ki ware ta, ki nemi likitan dabbobi a ranar.