Ina ɗaga ƙarfe amma jiki ya ƙi ciko, in sayi garin furotin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 21, nauyina kilo 52, siriri ne ni sosai har abokai na min tsiya wai iska za ta ɗauke ni. Na fara zuwa jim amma shiru kake ji. Wani ya ce in sayi garin furotin ko babban gwangwanin nan na ƙara ƙiba, wani kuma ya ce akwai ƙwaya a kemis mai araha. Da wanne zan fara? Ɗalibi daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙwayar nan dai cire ta a lissafi tun yanzu. Yawancin abin da ake kira sha ka fashe dexamethasone ne ko cyproheptadine, shi dexa ruwa da kitse yake tara maka a fuska da tumbi, ka ga kumatu sun ciko ka ɗauka jiki ne ya zo, alhali naman damtsen ma zaizaye shi yake, ga hawan jini ga ciwon suga. Wanda ya daɗe yana sha kuma kar ya yanke lokaci ɗaya, ya ga likita tukun.

Ku sirara kusan matsalarku ɗaya ce, ku rantse kuna ci da yawa, in an bi diddigi shayi da burodi ne da safe sai tuwon dare. Mai nauyinka yana buƙatar furotin giram 1.6 a kowane kilo, wato wajen giram 83 a rana, da ƙarin kalori 300 zuwa 500 kan abin da ka saba ci. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, to soya uku wajen mai shayi ka samu 18 kenan. Da rana shinkafa da wake, a cika waken. La'asar awara ko alale, in ka dawo daga jim fura da nono mai kauri, don mai ƙaramin ciki ya fi iya sha a kan tauna. Gyaɗa ko ƙuli-ƙuli kar su rabu da aljihunka.

Garin furotin yawanci daga madara ake tace shi, yana aiki amma da tsada, kuma jabu sun cika kasuwa, in za ka saya duba lambar NAFDAC. Gwangwanin ƙara ƙiba kuwa yawancinsa sitaci ne da suga, gaskiya ni gara ka sayi kiret ɗin ƙwai da kuɗin. Cikin kayan da masu ɗaga ƙarfe ke sha, wanda masu bincike suka fi gwadawa shi ne creatine monohydrate, wani gari ne daban mai ƙara wa tsoka ƙarfi, giram 3 zuwa 5 kullum, amma mai ciwon ƙoda ya tambayi likita.

Ka riƙa ƙara nauyin ƙarfen a hankali, barci awa 7 zuwa 9, ka hau sikeli sau ɗaya a sati da safe. Kwata zuwa rabin kilo a sati ya isa. In sati uku nauyinka bai motsa ba ƙara kwanon abinci ɗaya, in kuwa ramewa kake ga tari ko zufan dare ko yawan ƙishirwa da fitsari, asibiti za ka fara zuwa a yi maka gwaji.