Ta yaya zan gane malamin ƙarya?

'Yar'uwa, kin ce wani fasto ya buɗe majami'a a Sabon Gari, yana sayar da man shafewa da ruwan addu'a, kina so ki san ko na Allah ne.

Kada cikar jama'a ko al'ajibai su ruɗe ki. A Matiyu 7, Yesu ya ce annabawan ƙarya kamar itatuwa suke, da 'ya'yansu za a gane su, wato ayyukansu. Cinikin addu'ar nan ne ya fi damuna. A Ayyukan Manzanni 8, wani mai sihiri, Siman, ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa ƙwarai.

Ki lura da shi bayan an tashi sujada. Gwauruwar da ta sa naira ɗari a baiko, yana tsayawa ya gaishe ta kamar yadda yake gaida mai babbar mota? Akwai dattawan da ke duba kuɗin ikilisiya, ko komai aljihunsa yake shiga? In an yi masa gyara, yana saurara, ko sai ya hau tsinuwa?

Ki rubuta ayoyin da yake kawowa, ki karanta surar gaba ɗaya a gida, kamar mutanen garin Biriya a Ayyukan Manzanni 17, waɗanda suka riƙa bincika Littattafai su ga ko abin da Bulus ya koya musu gaskiya ne. Ki kuma nemi shawarar wata dattijuwa a zumuntar mata kafin ki ba shi ko kwabo.