Filin Tambaya: Da gaske akwai inda rana biyu ke fitowa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Malamin kimiyyarmu ya ce akwai wani tauraro kusa da mu mai kama da ranarmu, kuma yana da abokin tafiya. Da gaske ne? Ana ganinsa daga nan? In akwai duniya a can, ana yin dare kuwa?
Daga wata ɗalibar sakandare a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Malaminku ya faɗi gaskiya. Sunan tauraron Alpha Centauri, kuma da idonki za ki gan shi, ba sai da wata na'ura ba. Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe.

Ki bari sai watan Mayu ko Yuni, a daren da babu hadari. Wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya ki fita inda hasken lantarki bai yi yawa ba, ki fuskanci kudu sosai. Can ƙasa-ƙasa za ki ga taurari biyu masu haske a jere. Na hagun, wanda ya fi haske, shi ne. A ƙasar Hausa ba ya hawa sama. In kika miƙa hannu kika dunƙule, tsayinsa daga bakin ƙasa bai kai dunƙule biyu ba, don haka bishiya ko katanga na iya tare miki shi. Duk sararin dare taurari biyu kaɗai suka fi shi haske, Sirius da Canopus.

Abin da ido ke ɗauka ɗaya, ashe biyu ne. Wani limamin Kirista Bafaranshe, Jean Richaud, shi ya gano haka a 1689 a Pondicherry ta Indiya, yana cikin bin wata tauraruwa mai wutsiya da madubin hangen nesa. Babban, da ake kira A, kusan tagwayen ranarmu ne: launinsu ɗaya, ya ɗan fi ta nauyi, haskensa kuma ya kai nata sau ɗaya da rabi. Ƙaramin, wato B, ya fi ja-ja, haskensa rabin na rana. Suna kewaya juna, zagaye ɗaya cikin shekara 80 ko kusa da haka. Ba da'ira ce daidai ba. In sun matso, tazararsu takan yi kusan nisanmu da rana sau 11, in sun ja da baya ta kai sau 35. Matsowarsu ta gaba sai 2035.

Kada kalmar kusa ta ruɗe ki. Haske na tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma sai ya yi fiye da shekara 4 kafin ya iso mu daga can. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, da can ya nufa, sai ya shafe fiye da shekara 70,000 a hanya.

Tambayarki ta dare ita ta fi burge ni. Da a ce akwai duniya irin tamu da ke kewaya A, to B ba zai zame mata rana mai ƙuna ba, ya yi nisa. Amma zai fi farin wata haske sau ɗaruruwa. Kusan rabin shekara ranakun biyu na sama tare, in sun faɗi a yi dare sosai. Ɗaya rabin kuwa, A na faɗuwa B na fitowa, sai daren ya zama mai hasken da mutum zai karanta littafi a tsakar gida ba fitila.

Har yanzu dai ba a tabbatar da wata duniya a kewayen A ko B ba. A 2012 an sanar cewa an gano ɗaya kusa da B, bayan shekara uku bincike ya nuna babu ita. Wadda aka tabbatar tana wajen na ukunsu, ɗan jan tauraro Proxima, wanda Robert Innes ya gano a Johannesburg a 1915. Shi ne ma ya fi kusa da mu, sai dai ido ba ya ganinsa. An gano duniyar tasa a 2016, kuma shekararta kwana 11 ce kacal.

Ki gaida malamin naku. In makarantarku na da madubin hangen nesa, ko ƙarami ne, ki roƙe shi ya saita muku shi a kan tauraron, za ku ga ya rabu biyu.