Tambarin da ya ƙi fita daga allon talabijin

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana da ke aiki a Jamus ya aiko mana da talabijin mai inci 55 shekara uku da suka wuce, a jikin kwalin an rubuta OLED. Alhaji ya manyanta, ba ya fita sosai, don haka daga asuba har bayan isha'i tana kan tashar da ke nuna Ka'aba kai tsaye. Yanzu ko an canja tasha sai mu riƙa ganin inuwar tambarin tashar a kusurwa, da wani dogon zane a ƙasa inda rubutu ke wucewa. Jikata ta goge da tsumma, bai fita ba. Ni kuma ina kula da ita, kullum da dare daga soket nake kashe ta saboda tsoron wuta. Tana gyaruwa? Har yau ban iya faɗa wa yaron ba.
Daga wata Hajiya, Asawase, Kumasi

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya yi wa yaron albarka. A ce wa jikar ta ajiye tsumman nan. Tabon ba a saman gilashin yake ba, a cikin allon yake, kuma dannawa da ƙarfi na iya jawo wata ɓarnar.

Ki dubi dardumar da Alhaji ya daɗe yana sallah a kai. Wurin goshi da wurin gwiwa sun koɗe, gefe kuwa yana nan da launinsa. Haka allon OLED yake. Ƙananan ɗigo ne sama da miliyan 8 idan mai 4K ce, kowanne yana ba da haskensa da kansa, kuma duk wanda ya yi aiki ƙarfinsa na raguwa kaɗan-kaɗan. Inda hoto ke motsi, kamar masu ɗawafi, ɗigon suna tsufa tare, ido ba ya ganin bambanci. Tambarin tasha kuwa ba ya gusawa. Ɗigon da ke wurin sun yi shekara uku suna kunna launi ɗaya awa goma sha biyar ko fiye a yini, sun riga 'yan'uwansu gajiya. Abin da kuke gani ke nan: ba hoto ne ya manne ba, wurin ne ya dushe.

An gwada wannan a fili. A 2018 wani shafin intanet na Kanada mai gwajin kayan lantarki, RTINGS, ya kunna talabijin OLED guda 6 awa 20 a yini. Waɗanda aka bari a kan tashar labarai ta CNN, mai jan tambari da zanen rubutu a ƙasa, su ne tabon ya fi bayyana a jikinsu, musamman wadda aka ƙure wa haske. Na bayan nan sun fi na wancan lokacin juriya, amma yanayin aikin allon bai canja ba.

Yanzu ga maganar soket, kuma ita ce ta fi damuna a wasiƙarki. Ban ga laifinki ba ko kaɗan. Duk wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 a garin nan ya koyi cire filogi. A shekarar nan shagona a Aboabo cika ya yi da talabijin da wuta ta ƙone wa bod, wasu har yau masu su ba su dawo ɗauka ba. Sai dai OLED tana da wani aiki da take yi bayan an kashe ta. Idan ta tara kamar awa 4 tana aiki, aka kashe ta da rimot, allo zai yi baƙi amma cikinta bai kwanta ba. Tana ɗaukar 'yan mintoci tana auna ɗigon nan, tana daidaita wutar da ke zuwa wa kowanne don haskensu ya zo ɗaya. In aka danne soket tana cikin kallo, ko nan take bayan rimot, an hana ta wannan aikin. Dare ɗaya ba komai. Amma dare bayan dare har shekara uku, ga tasha ɗaya, ga haske mai ƙarfi, abin ya haɗu ya yi mata yawa. Na sha ganin haka a gidajen Zango, kuma kusan kullum a hannun mutanen da suka fi kowa tattalin kayansu. Wannan ne ke min ciwo.

Daga yau, a kashe da rimot, a je a yi shirin kwanciya, bayan minti goma sha biyar ko ashirin a dawo a kashe soket. In da hali a saya mata sitabilaiza mai kyau, sai a bar ta a jone gaba ɗaya.

Tana gyaruwa? Sai an gwada. Akwai inuwar da ke wucewa da kanta, akwai wadda ta zauna. Ki sa wani yaro mai ido ya shiga saitin talabijin ya nemo abin da aka rubuta Pixel Refresher ko Pixel Cleaning ko Panel Refresh, kowane kamfani da sunan da ya ba shi. Yana iya kai awa guda, kuma kada a taɓa soket har ya gama, don haka a zaɓi lokacin da wuta ta zauna. Sau ɗaya ya isa, ba a maimaita shi kullum domin shi ma yana cin allon. In inuwar ta ragu, alhamdu lillahi. In tana nan daram, to ta zauna, kuma ba zan ɓoye miki ba, yadda kika kwatanta zanen ƙasan nan na fi zaton haka. Maganinsa sai sabon allo, kuɗin allon kuwa ya kusa na sabuwar talabijin. Kada wani ya karɓi kuɗinki ya ce zai wanke shi da na'ura.

Ko da ya zauna, ana hana shi ƙaruwa. A rage hasken allo zuwa rabi, a fitar da ita daga saitin Vivid wanda don shago aka yi shi, a kunna abin da ke dusashe tambari da wanda ke ɗan gusa hoto. Alhaji kuma kada a raba shi da Haraminsa. A saya masa ƙaramar LED ta inci 32 a Adum, ta yini a kan Ka'aba, babbar ta zama ta kallon iyali da yamma. Kuma ki faɗa wa yaron, Hajiya. Ba sakaci kuka yi ba, zai gane.

TAMBAYA: Masta, ina so in buɗe gidan kallon bal a Sawaba. Na ga wata filasma hom-yus, wato ta hannu da aka kawo daga waje, mai araha. Abokina ya ce akwatin ci da minti na kusurwa zai ƙone ta. Gaskiya ne?
Daga ƙaninka a Sawaba

AMSA: Ƙanena, a bakinmu duk talabijin marar doro filasma ce, don haka fara juya bayanta ka karanta takardar da ke manne. In filasma ce ta gaske, mai nauyi da zafi, abokinka ya yi gaskiya. Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta tun 2014, ka ga ko wacce ka samu ta haura shekara goma, ga shan wuta a zamanin mitar kati. OLED ma ba ta gidan bal ba ce. Nemi LED ko QLED. Su fitila ce a baya ke haska allon gaba ɗaya, akwatin ci ba ya cinye wuri guda. Ciwonsu daban ne: fitilun bayan ne ke mutuwa, ka ga wani gefe ya yi duhu ko fararen ɗigo sun fito, wannan kuwa muna canja su a shago.

Kowacce za ka saya, kada ka yarda da bidiyon furanni da mai kaya zai kunna maka, motsi da launi suna rufe aibi. Ka je da filashi mai hoton launi ɗaya zalla, toka-toka da ja da fari, ka cika allon da kowanne, ka ja da baya taku uku ka duba kusurwoyi da ƙasa. In tsohon mai ita a Turai ya bar ta a kan tashar labarai, a kan jan za ka fara ganin tambarin.